Baƙin allon da ya ceci furojet ɗina

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke fama da furojet. Ku ba ni minti biyar, wataƙila in rage wa wani kuka.

Wata Laraba na baro gida Garaku da sassafe, na hau motar Keffi, filashi a aljihu, babi na 1 zuwa na 3 a ciki. Ƙarfe 10 zan kai wa malamin da ke duba aikina. Na tsaya wani shagon buga takardu kusa da makaranta, yaron shagon ya soka filashin, ya juyo ya ce, "Oga, ba komai a ciki fa." Na leƙa. Duk foldodina sun koma 'yan alamu masu kibiya, ka danna ba abin da ke buɗewa. Aikin wata uku! Kwamfutar da na yi rubutun a kanta kuma ta yayana ce, ya wuce da ita Lafiya tun ranar Lahadi. Wallahi sai da ƙafafuna suka yi sanyi.

Allah ya kawo wani abokina ɗan Akwanga, wanda kullum muke yi wa tsiya saboda zaman da yake yi gaban baƙin allo yana ta rubutu kamar boka. Ya ce wa yaron, "Ɗan matsa." Ya buɗe CMD, ya rubuta layi ɗaya:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ya danna Enter. Sai ga fayilolina sun dawo, ko ɗaya bai ɓata ba. Ashe irin wannan ƙwayar cutar ba ta goge komai, ɓoyewa take yi ta bar maka alamun bogi. Layin nan yana cire alamar ɓoyo daga kowane fayil da kowace folda. F ɗin harafin filashin ne, naka zai iya zama E ko G, sai ka duba. Amma fa bai kashe cutar ba: ka kwashe kayanka, sannan ka wanke filashin.

Ni ɗan sashen tattalin arziki ne, ba ruwana da karatun kwamfuta. Amma tun ranar na kwantar da kai na ce ya koya min. Ga waɗanda suka zame min abokan yau da kullum.

Na farko wget. Duk wanda ke zuwa makaranta daga gida ya san halin sabis a garuruwanmu, yanzu yana nan, anjima ya yi layar zana. Kana sauke bidiyon darasi, ya kai kashi 90, ya yanke, sau da yawa sai ka sake daga farko, datar ta tafi a banza. Da wget -c da adireshin fayil ɗin, in ya yanke sai ka sake danna umarnin, ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuɗin datar da ya rage min ya isa kuɗin motar kwana da kwanaki.

Na biyu git. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara Linux a 1991, shi ya ƙirƙire shi a 2005. Da can foldata cike take da "furojet na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshen gaske", har ni kaina ban san wanne ne wanne ba. Yanzu duk gyaran da na yi sai in rubuta git add . sannan git commit -m "gyaran babi na 2", in tura GitHub da git push, kyauta. Ranar da malam ya ce in dawo da sakin layin da ya sa na cire sati biyu baya, ban ko girgiza ba. Gaskiya ba ya nuna bambancin rubutun Word layi-layi yadda yake yi wa rubutu zalla, amma yana ajiye kowane kwafi, kuma ko an sace filashi aikina yana nan.

Na uku pdftotext da grep, Hassan da Husaini. Na farkon yana mayar da PDF rubutu zalla, na biyun yana binciko kalma. Daren jarrabawa, maimakon in buɗe takardun darasi 15 ɗaya bayan ɗaya, sai in rubuta grep -in "inflation" *.txt, ya jero min kowane fayil da lambar layin da kalmar ta fito. In takardar hoto aka ɗauka da waya, ba zai karanta ba, kada ku ce na yaudare ku.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma kada ya ce ba da shi ake ba. Akwai Termux a wayar Android. Ka rubuta pkg install git wget, shi ke nan. A cikin mota tsakanin Garaku da Keffi na koyi rabin abin da na sani.

Gargaɗi ɗaya, don Allah. Baƙin allo ba ya lallashi. Abin da ka goge da rm ko del ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Ni ma na taɓa share hotunan bikin ƙanwata da hannuna, har yau tana min gori. Kada ka kwafi umarnin da ba ka gane ba, ko da a guruf ɗin aji aka turo shi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shekara uku ina yi wa abokina dariya, ranar da ta ɓaci layi ɗaya nasa ya fi duk wayona amfani. Kafin ka kwanta yau, ka ajiye furojet ɗinka a wuri biyu. Masu amfani da wasu umarnin kuma ku faɗa mana, mu ma mu ƙaru.

Allah ya sa mu gama lafiya, ya ba mu sakamako mai albarka.