Kukan Kurciya Jawabi Ne

A garin Jabo, cikin ƙasar Tambuwal, akwai wata dattijuwa da ta daɗe tana aikin ungozoma. Ta yanke cibi ba adadi, kuma ta sha riƙe jarirai a gaban wanzami ranar cire beli. Abin da ta gada, take kuma faɗa wa masu jego, shi ne jariri bai san zafi ba tukuna.

Ana nan sai 'yarta ta haifi bakwaini. Aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, aka sa shi a kwalba. Wata safiya aka ɗebi jini a diddigensa, bai yi kuka ba. Dattijuwa ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "Kin gani ko, ɗiyata? Bai ji komai ba." Ita kuwa ta ce, "Inna, dubi goshinsa." Da ta duba, sai ta ga ya tattare gira, ya runtse ido, ya dunƙule hannu, numfashinsa ya sauya. Ashe zafin yana nan, ƙarfin yin kuka ne babu.

Ba ita kaɗai ta yi wannan kuskure ba. Har cikin shekarun 1980, likitoci da dama a Turai da Amurka sukan yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba. A shekarar 1987 ne Anand da Hickey suka wallafa nazarin da ya rushe wannan zato. A 1993 kuma aka fito da wani ma'auni a Kanada mai suna NIPS, wanda ke duba abubuwa shida: yanayin fuska, kuka, numfashi, motsin hannuwa, motsin ƙafafu, da natsuwar jariri ko rashinta. Maki yana tashi daga 0 zuwa 7, kuma idan ya haura 3, alama ce ta zafi. Daga nan sai a nemi sauƙi, ko ta shayarwa, ko ta ɗora jariri a ƙirjin uwa, ko ta ba da magani idan abin ya tsananta.

Dattijuwa ta koma Jabo da jikanta a raye, amma da nauyi a zuciya, tana tuna jariran da ta riƙe tana cewa ba komai. Tun daga ranar, ba ta ƙara faɗar wannan magana ba.

A nan akwai darasi ga mai shirin zama malami. A kowane aji akwai yaron da ke cikin damuwa amma ya rasa bakin faɗa. Shirunsa ba shaidar lafiya ba ne. Wajibi ne malami ya koyi karatun fuska kamar yadda ya koyi karatun allo, domin Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska.