Kuɗi Ke Raya Ƙasa, Ko Mallaka?

'Yan uwa, mu malaman makaranta kullum muna gaya wa yara a kula da ƙasa. To amma manomi mai iyali, me zai ci idan ya bar gonarsa ta huta?

A Amurka gwamnati ta amsa wannan tambaya da kuɗi. Tun 1985 take biyan manoma haya duk shekara, su daina nome filin da ruwa da iska ke zaizaya, su shuka ciyawa ko itatuwa na shekara 10 zuwa 15. Abin ya yi amfani. Zaizaya ta ragu, rafuka suka rage ɗaukar laka da taki, agwagin daji suka sami wurin ƙyanƙyasa. A 2007 filayen sun haura eka miliyan 36.

Sai farashin masara ya tashi, majalisa kuma ta rage yawan filin da za a biya wa haya. A 2016 abin da ya saura bai kai eka miliyan 24 ba. Manoma da yawa sun mayar da garma inda ciyawa ta yi shekaru tana gyara ƙasa.

Yanzu mu duba Maradi da Damagaram, inda wasunmu ke da dangi. Daga wajen 1985 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, abin da suke kira sassabin zamani. Ba a biyansu haya. An dai sassauta dokar daji, har manomi ya san gawon da ya rena nasa ne: ganyensa taki, 'ya'yansa abincin dabbobi. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo.

Nan Ghana kuwa, dokar 1962 ta sa itacen katako da ya tsiro da kansa a hannun gwamnati. Shi ya sa manomi kan kashe shi tun yana ƙarami, kada masu katako su zo su tattake masa koko. Mu mutanen zango ma, yawancin manomanmu gonar aro ko ta haya suke nomawa. Wa zai reni itace a filin da za a karɓe baɗi?

Ba mu raina tallafi ba, a ba manomi, ya cancanta. Amma roƙonmu ga hukuma da sarakuna masu ƙasa shi ne a haɗa da yarjejeniya a rubuce, mai tsawon shekaru, wadda ta ce wanda ya reni itace shi ke da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.