Duwatsun Keita da kuɗin Italiya

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a ƙasar nan cikin shekarun 1980 da 1990 ya san sunan Keita, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka Adar ba. A wancan zamani, idan babban baƙo ya sauka Yamai, kuma ana son a nuna masa cewa kuɗin tallafi ba rijiya suke faɗawa ba, to Keita ake kai shi. Ni kuwa sai a ɗarin da ya wuce Allah ya nufe ni da zuwa, bayan manyan baƙi sun ɗauke ƙafa, allunan furoje kuma sun yi tsatsa. Ban yi baƙin cikin wannan jinkiri ba, domin abin da nake son gani shi ne abin da ya rage bayan kuɗin sun ƙare.

Daga Tawa muka tashi da sassafe cikin motar ƴan kasuwa, muka yi gabas, hazo ya rufe gabanmu. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma ƙasa tana sake kama tun kafin a yi nisa. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram da ya saba da jigawa shimfiɗe, nan idonsa zai sha mamaki: tsaunuka ne masu kai a baje kamar faifai, baƙin dutse ya lulluɓe su, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu faɗi inda gonaki da garuruwa suke. Mun ɗan tsaya a Tamaske, garin albasa da fatake, inda manyan gidajen siminti ke shaida cewa ƴaƴan garin sun yi nisa wajen biɗa. Daga can sai Keita.

Wanda bai san yadda ruwa yake tafiya a wannan ƙasa ba, ba zai gane dalilin kashe kuɗi a cikinta ba. Ruwan sama idan ya sauka bisa tsauni, fako yake tararwa, ƙasa mai tauri da ba ta shan ko ɗigo. Sai ya taru ya gangaro da ƙarfi, ya kwashe ƙasar gangare, ya faɗa kori. Korin kuma kowace damina ƙara zurfi yake yana cin gonakin da ke bakinsa, ruwan da a da yake malala cikin fadama ya jiƙa ta, yanzu cikin sa'o'i kaɗan ya wuce, ya bar rijiyoyi suna ƙafewa. Muddin akwai itatuwa da ciyawa bisa tsauni, suna rage masa gudu. Fari na 1973 da gatarin masu neman icen girki suka raba tsaunukan da wannan sutura.

Sai ga 1984. Dattawa ba su manta da ita ba, shekarar yunwar da talakawa suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda a cikinta ne Najeriya ta rufe iyakarta, hatsi ya daina shigowa. A watan Mayu na shekarar, gwamnatin Seyni Kunce ta tara jama'a a Maraɗi aka yi babbar muhawara kan gurgusowar hamada. A wannan shekara kuma aka buɗe aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya, wanda kowa ya fi sani da Furojen Keita. Gwamnatin Italiya ce ta zuba kuɗin, kyauta ba bashi ba. Hukumar FAO ta riƙe gudanar da aikin, wani ɗan Italiya mai suna Renato Carucci yana jagorantar ƙwararru. Hukumar PAM ta kawo abincin da ake biyan masu aiki da shi. Gwamnatin Nijar kuwa ta ba da ma'aikatanta na gona da na gandun daji. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa yankunan Buza da Abalak. A cikin kusan shekara 20 an kashe fiye da dala miliyan 80, ina nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Lissafin furojen ya nuna an gyara ƙasa fiye da eka dubu 30, ekar Faransa mai mita 100 kowane gefe, an kuma dasa itatuwa wajen miliyan 18, ban da rijiyoyi da hanyoyin karkara da ɗakunan makaranta da na shan magani.

Waɗannan alƙaluma a takarda suke. Da hantsi wani malamin gona da ya yi ritaya ya hau da ni bisa wani tsauni domin in gani da idona. A saman, dogayen kunyoyi ne jere bisa fako, kowace an yi mata riga da duwatsu. Ya ce tarakta ce take fara tsaga ƙasar ta tayar da kunyar, sannan mutane su bi da hannu suna jera dutse. Ruwan da ya gudano daga sama sai kunyar ta tare shi, ya tsaya ya nutse, a shuka gero ko dawa a inda tun kakanni ba a taɓa sa iri ba. A gangare kuwa, inda tarakta ba ta iya hawa, ramuka aka haƙa da diga, kowane tsawonsa kamar mita 3, an saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa, a tsakiyar kowane an dasa icen ƙaya. Yau ramukan sun cike da ƙasa, sai ka duba da kyau kake ganin gurbinsu, amma itatuwan suna nan, gangare bayan gangare, a jere kamar sojoji. Ba daji ne mai duhu ba, kada mai karatu ya zaci wani abu. Itatuwa ne gajeru masu ƙaya, akuya tana kiwo a ƙarƙashinsu. Sai dai wanda ya dubi tsaunin da ke kusa, wanda aikin bai kai gare shi ba, baƙi ƙirin babu ko inuwar zomo, zai san bambancin.

Su wa suka ɗauki duwatsun nan? Mata. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A shekarun farko maza sun watse, wasu Abijan, wasu Kano da Legas, wasu Libiya, an bar mata da yara da tsofaffi, su ne kuma suka cika wuraren aikin. A wani ƙauye da ke gindin tsaunin na gaida wata tsohuwa da ke sussukar gero a ƙofar gida, malamin ya ce tana cikin waɗanda suka yi aikin tun farkonsa.

Na ce, “Inna, an ce ku kuka gina tsaunin nan.”

Ta yi dariya ta ce, “Ɗana, Allah ya gina tsauni, mu dai mun sake masa zama.”

Ta ba ni labari yadda suke fita bayan asuba da gammo da goyo, a rubuta sunan kowa, a yi ta jidar dutse har rana ta take, a ƙarshe a auna musu hatsi da mai gwargwadon kwanakin da suka yi. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ba son itace ya fitar da su ba, yunwa ce. Amma ta ce da aka shekara biyar suka ga ciyawa ta fito inda ba su taɓa ganinta ba, icen girki kuma ya matso kusa da gida, sai suka san ba abincin kaɗai suka samu ba. Na tambaye ta ko ta sami gona cikin ƙasar da ta gyara. Ta girgiza kai ta ci gaba da sussukarta.

Nan akwai magana. Fako lokacin da yake fako ba shi da mai shi, hanyar dabbobi ce da wurin kiwon Fulani da Buzaye. Da ya fara ba da damin gero, sai masu shi suka bayyana, kowa da labarin kakansa. Makiyayi ya tarar an shuka inda yake bi, macen da ta ɗauki dutse kuma sau da yawa ta koma kallo. Dokar karkara da aka kafa a 1993, da kwamitocin kula da filaye da ta haifar, an yi su ne domin irin wannan rikici, amma sun zo bayan an riga an yi shekara tara ana aiki. Da za a sake, ni a ganina kafin tarakta ta taɓa ƙasa ya kamata a zauna da hakimai da masu gari da ardo a rubuta wa zai ci amfaninta.

Da la'asar muka sauka cikin kwari, inda ɗan kasuwa zai fi gane ribar aikin. An datse korin da katangu na dutse da aka cusa cikin ragar waya, abin da ma'aikata ke kira gabiyo. Katangar ba ta tsare ruwa kamar baraji. Karya ƙarfinsa take yi, ta tilasta shi ya bazu cikin fadama ya ajiye laka, ya nutse. Ruwan ƙasa sai ya taso, rijiya ta yi kusa. A bayan irin wannan katanga na ga garake kore shar a tsakiyar rani, albasa da tumatir da kabewa, injin ban ruwa yana ta ƙugi, samari suna cika buhuna. Albasar nan ita ce ake lodawa zuwa Abijan da Akara da Kwatanu. Wanda ya saye ta a tashar Galmi ko ta Tamaske bai san cewa wani kason ribarsa daga kan matan nan ya fito ba.

Muka ƙara gaba kaɗan, malamin ya nuna mini wata katangar. Ruwa ya ci gefenta ya zagaye ta, wayar ta tsinke, duwatsun sun zube cikin yashi, korin ya koma tsohon halinsa yana haƙa. Garaken da ke wurin sun ragu, masu su suna ƙara zurfin rijiya kowace shekara. Ya ce da an kama ta a daminar da ta fara tsagewa, ragar waya kaɗan da motar dutse biyu sun isa. Yanzu kuwa sai an sake ta gaba ɗaya. Barajojin ma, in ji shi, laka tana cike su sannu a hankali.

Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun san ciwon. Mai ba da tallafi yana son sabon gini, wanda za a buɗe da kiɗa a ɗauki hoto a kai wa majalisar ƙasarsa. Kuɗin gyara kuwa, a kan ce wannan na gwamnati ne da jama'a. To wace gwamnati? Wadda a shekarun 1990 ma'aikatanta suke bin ta albashin watanni? A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani ƙarfen tarakta da waya da ake sayowa daga waje kuɗinsa ya ninka. Furoje yana da motoci da man fetur da makanikai. Ranar da ya rufe, ma'aikacin gona na gunduma ya koma ba shi da ko babur ɗin zagaya ƙauyuka. Jama'a kuma, an saba musu da cewa dutse ba ya motsi sai an auna hatsi. Ban ga laifinsu ba, mai yunwa ba ya aikin banza, amma sakamakon shi ne katangar da ke ba su ruwa suna kiranta ta furoje, ba tasu ba. Yau ƙananan hukumomi ne ake cewa su ɗauki nauyin, alhali harajin kasuwa da suke tarawa da ƙyar yake biyan ma'aikatansu.

Wani zai kawo misalin Maraɗi. Can, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya riƙa jan hankalin manoma su bar tohon kututture a gona lokacin sassabe, su rage rassan su bar masu ƙarfi. Babu tarakta, babu buhun PAM na dindindin, amma masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 bisa eka miliyan 5 a kudancin ƙasar. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai a jigawar Maraɗi saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin yashi, jira kawai take a ƙyale ta. A kan fakon Adar babu abin da za a ƙyale; sai an fasa ƙasa an tare ruwa, wannan kuwa ya fi ƙarfin hauyar talaka. Saboda haka ban yarda da masu cewa kuɗin Keita asara ne ba. Abin da na ƙi shi ne a kashe miliyan 80 wajen gini ba a ware ko kaɗan da zai zauna a wani asusu na gyara ba, wanda masu garake za su riƙa zuba wani abu a ciki daga kowane buhun albasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙasashe da dama suka dakatar da tallafinsu cikin ƴan kwanaki, kowa ya ga yadda famfon waje yake saurin rufewa.

Rana ta yi ja muka juyo. A bakin karyayyar katangar muka tarar da wani manomi da ƴaƴansa biyu da amalanken jaki, suna kwasar duwatsun da suka zube. Na zaci gyara suke, na yi musu sannu da aiki. Malamin ya tambaye shi, “Malam, ina za a kai su?” Ya ce gefen garkarsa ne ruwa ya fara ci, zai jera su can kafin damina, tun da nan ba mai zuwa. Malamin bai ce masa komai ba. Ya tsuguna ya ɗauki guntun wayar da ta tsinke, ya jujjuya ta a hannu, ya sa a aljihu, muka nufi tasha domin kada motar Tawa ta bar ni.