Gudu Bayan Ajiye Nauyi

Gasar Hyrox, wadda aka ƙirƙiro a Jamus a 2017, tsarinta ɗaya ne ko'ina: gudun kilomita ɗaya sau 8, kowanne a bi shi da aikin ƙarfi. Da na fara shirinta na ɗauka ƙarfe ne zai gajiyar da ni. Ashe wahalar tana bayan an ajiye nauyin. Idan na gama mita 100 ina durƙusawa da buhun yashi a kafaɗa, cinyoyina rawa suke yi, ga kuma gudu yana jirana. A wannan gaɓar nake koyon sassautawa, ina sauraron numfashina har ƙafa ta dawo hayyacinta. Gobe da asuba zan sake fita.