Keken Umma

Keken ɗinkin Umma ya fi shekara ashirin a kusurwar ɗakinta, lulluɓe da tsohon zanin gado, mun mayar da shi wurin ajiye filas da kwandon magani. Butterfly ne baƙi mai zanen ruwan zinare, irin wanda ake takawa da ƙafa, yana cikin kayan da aka kawo ta da su gidan Abba. Mu uku ne mata a ɗakinta, kuma babu wadda ta taɓa zama a kansa sai don wasa muna yara, mu yi ta taka shi ba zare har ta kore mu. Mun yi boko, biyu sun kama aiki, Auta tana jami'a. Ɗinki kuwa ai akwai tela.

Sai Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Bayan an sallamo ta daga asibiti magana ta dawo, ƙafa ta fara takawa da sanda, amma hannu ya ƙi ɗaguwa. An yi mana bayanin magani, an yi mana na gishiri da maiƙo, babu wanda ya ce mana komai a kan riga. Duk rigunan Umma ta kai ake zura su. Kullum da safe sai mutum biyu sun taru a kanta, ɗaya ta tallafe hannun, ɗaya ta ja rigar, ita kuma ta cije leɓe. Wata safiya ta ce, “Ku bar ni da zani da hijabi kawai, ai ba inda za ni.” Matar da ba ta taɓa fitowa gaban baƙo ba sai ɗankwalinta ya sha guga.

Ma'aikaciyar da ke yi mata gashi ce ta nuna mana dabara: hannun da ba shi da ƙarfi shi ake fara sa wa riga, shi ake cirewa a ƙarshe, kuma a nemi riga mai buɗewa ta gaba. Umma ta yi ƙorafi, ita da tun tana yarinya da dama take fara sa tufafi, amma ta haƙura. Muka kai wa tela ɗinki sau biyu. Na farko ya sa zif a baya, yadda hannunsa ya saba. Na biyu ya jera ƙananan maɓallai goma daga wuya zuwa ƙasa, waɗanda hannu ɗaya ba zai iya ɓalle su ba. Umma ta dubi rigar ta ce, “Wannan ai ta majinyata ce.” Ba ta ko gwada ba.

Haka muka je ajin koyon ɗinki. Wata mata ce a unguwar da ke bayan tamu take koyarwa a garejin gidanta, Asabar da Lahadi, kekuna shida, ɗalibai sun ninka kekunan. Yawancinsu 'yan mata ne masu jiran sakamakon jarrabawa, sai matan aure masu neman sana'a. Ranar farko wata ta tambayi Yaya, “Ku da kuke da albashi me kuke nema a nan?” Ita kanta Malama ba ta ɓoye ra'ayinta ba, ta ce masu koyo don sha'awa ba sa wuce wata biyu.

Mako biyun farko ko zare ba ta ba mu ba. Takarda ta ja wa layi da biro, ta ce mu bi da allura har ramukan su miƙe. Wanda bai taɓa taka keke ba gani yake abu ne mai sauƙi. In ƙafa ta yi gardama sai ƙafar keken ta juya baya, in da zare a ciki nan take ya tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙasa. Daga nan aka shiga awo. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu. A ninke yadi, a raba awon ƙirji gida huɗu, a ƙara inci ɗaya na ɗinki, a zana da alli. A kan takardar buhun siminti muka fara, sannan muka shiga Kantin Kwari muka sayo yadi mafi araha da muka samu.

A wurin yanka halin kowa ya fito. Yaya a banki take aiki, lissafin awo ba ya ɗaukar mata minti ɗaya, amma sai ta riƙe almakashi ta yi ta kallon yadi har a tashi daga aji. Auta kuwa ba ta jira. Ita ce ta yanka hannun riga guda biyu duk na hagu, saboda ta manta yadi yana da ciki da baya. Ta tsakiyarmu ta ɗinka riga tsaf, sai da ta ɗaga ta ga furannin gaba suna kallon sama, na baya suna kallon ƙasa. Malama ta ce ɗinki in ya karkace ana farke shi, abin da almakashi ya ci kuwa sai dai a sayo wani turmin. Turmin atamfa yadi shida ne. In aka cire zani da ɗankwali, abin da ya rage wa riga ba ya ɗaukar kuskure biyu.

Sai a wata na uku muka gaya wa Malama abin da ya kawo mu. Ta yi shiru, ta ce ita ma ba ta taɓa ɗinka irin wannan ba. Tun daga ranar take tsayar da mu bayan kowa ya watse. Matsalar tana hammata. Rigar da aka yanka daidai jiki sai hannu ya ɗaga yake shiga, don haka muka sauke hammatar da inci biyu, muka faɗaɗa hannun. Gaban rigar muka raba shi biyu, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya, yadda mai kallo zai ɗauka ado ne. Mun gwada abin nan mai mannewa da ake sa wa takalman yara, ya riƙa kama hijabi, ga ƙara in an ɓare shi, Umma ta ce ita ba 'yar nazare ba ce. Muka koma manyan maɓallan ƙarfe da ake dannawa su kama, guda huɗu, a ɓoye a ƙarƙashin ninki. Riga uku muka lalata kafin ta huɗu ta zauna.

Awa biyu a mako a kan keken da ake layi ba ta isar mu, shi ya sa muka yaye zanin gadon nan. Mai gyara ya zo ya sa sabon bel, ya ɗiga mai, ya ce irin wannan ƙarfen ba ya mutuwa. Daren farko Auta tana ɗinki, Umma tana kwance ta juya mana baya, sai muka ji ta ce, “Zaren ƙasa ya yi sako-sako.” Muka juya ƙyallen. Haka ne. Da kunne ta ji.

Ashe duk kayan sallar da muka sa har muka gama firamare a kan wannan keken aka ɗinka su. Mun sani, amma irin sanin da ba a taɓa tsayawa a kansa ba. Ba mu san cewa har na maƙwabta take karɓa ba, kuma da kuɗin ta riƙa cika na makarantarmu shekarar da aiki ya tsaya wa Abba. Yanzu kujera ake ajiye mata kusa da keken. Ta shafa kalmasa da hannun dama ta ce a farke. Mu kai wa Malama, ta duba, ta ce tsohuwa ta yi gaskiya. Watanni kenan ana ba Umma umarni, sha wannan, ɗaga nan, kwanta haka. A gefen keken ita ke bayarwa, har muryarta ta koma irin ta da.

Mun wuce wata biyun da Malama ta yanka mana da nisa. Yawancin kayan da muke sawa a gida da na zuwa aiki yanzu ɗinkinmu ne. Kada wani ya ce muku ya fi araha. In aka haɗa kuɗin aji da yadin da muka ɓata da dararen da muka raba, tela ya fi sauƙi, kuma kayan biki har gobe wurinsa muke kaiwa. Abin da ya canza shi ne mun daina yi masa ciniki kamar za mu cire masa ido, kuma ba ma kai masa ɗinki ana saura kwana goma salla. Akwai kuma daɗin da ba mu zata ba: mutum ya sa aljihu a doguwar rigarsa, mai zurfin da waya za ta shige, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Makon jiya 'yar ƙanwar Umma ta haihu. Umma ba ta je taron kowa ba tun da ta kwanta, mun kuma daina tambaya. Da daddare ta miƙa wa Yaya makullin akwatin ƙarfenta. A ƙasa, cikin warin kafur, akwai turame biyu da ba a taɓa yankawa ba, ɗaya 'yar Holan daga kayan lefenta, ɗaya kuma bugun masaƙar UNTL ta Kaduna, tun kafin a rufe ta a 2007. Babu kasuwar da za a je a samo madadinsu. Ta nuna 'yar Holan ɗin.

“Umma, ko dai mu kai wa Malama ta yanka?”

“Ita ce za ta sunan?”

Muka shimfiɗa atamfar a kan tabarma, muka duba inda furanni ke kallo, muka auna sau uku. Auta ta kai hannu ga almakashi, Umma ta ce a ba Yaya. Muka taimaka mata ta sauko ƙasa ta zauna, gefen atamfar yana ta naɗewa saboda daɗewa a ninke. Ta dubi hannunta na hagu ta ce, “Ku ɗora mini shi a nan, ko ba komai ya danne muku.” Muka ɗora. Yaya ta yi bisimilla ta fara daga wuya.