Ina Takun Jariri Ke Tafiya?

Duk wanda ya taɓa riƙe jariri ɗan kwana goma ta hammata, ya tsayar da shi tafin ƙafarsa na taɓa tabarma, ya san abin da ke biyowa. Zai ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke, ya ɗaga ɗayar, kamar mai shirin fita unguwa. Mata su kwashe da dariya, kakarsa ta ce wannan mijin nata akwai gaggawa. A bari ya yi wata biyu a sake gwadawa, shiru. Gwiwoyin sun saki, ƙafafun sun yi nauyi, kuma ba za a sake ganin takun ba sai can da ya doshi shekara, an fara yi masa tatata. A gida babu mai tambayar inda takun ya shiga. Amma tambayar ta daɗe tana raba kan masana, kuma amsar da aka karɓa ita ke tsara abin da likitan gashi zai yi wa yaron da aka kawo masa bai zauna ba, bai tsaya ba.

Amsar da ta fara kafuwa ta Arnold Gesell ce, likitan yara na Jami'ar Yale a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar jarirai a fim yana rubuta abin da suke iyawa wata bayan wata. A ganinsa komai daga nunar ƙwaƙwalwa yake. Yaro na fara riƙe wuya, sannan baya, sannan ƙafafu. Yana mallakar kafaɗa kafin yatsu. Masu wannan ra'i suka ce takun jariri motsi ne na ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ba da niyya ake yin sa ba, da zarar ɓangaren sama ya fara nuna sai ya danne shi. A 1929 Gesell da Helen Thompson suka gwada da wasu tagwaye mata. Ɗaya aka yi mako shida ana koya mata hawan matakala tun tana da mako 46. Ɗayar aka ƙyale ta sai da ta kai mako 53, kuma cikin mako biyu ta kamo 'yar'uwarta. Suka ce to ga shi, koyarwa ba ta shiga gaban lokaci.

Wannan tunani ya shiga ɗakunan gashi ya zauna daram. Hanyar da Berta Bobath da mijinta Karel suka fara a Landan a shekarun 1940, don yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni, ta ginu a farkonta kan danne irin waɗannan motsi na jarirantaka da bin matakai a jere: juyawa, zama, rarrafe, sannan tsayuwa. Daga baya su da kansu sun sassauta wannan jerin.

Wadda ta warware zancen takun ita ce Esther Thelen, kuma yadda ta yi shi ne ya fi burge ni, don da sa ido ta fara. Asalinta ma ilmin dabbobi ta karanta, ta yi nazari kan yadda wasu ƙwari dangin rina ke goge jikinsu, saboda haka zaman kallon ƙaramin motsi ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta lura cewa jaririn da ya daina taku in an tsayar da shi, da an kwantar da shi rigingine sai ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu, wannan bayan wannan, da gaɓoɓi da tsokokin da yake yin takun da su. To in ƙwaƙwalwa ce ta hana, me ya sa ta hana a tsaye ta bari a kwance? Abin da ta gano shi ne a watannin farko jariri na tara kitse a cinya da sauri fiye da yadda tsokarsa ke ƙarfi. Ƙafar ce ta fi ƙarfin mai ita. A kwance ba sai ya ɗaga ta sosai ba, a tsaye kuwa nauyinta duka yana kansa.

A 1984 ita da abokan aikinta suka wallafa gwajin da kowace uwa za ta gane. Suka tsoma jarirai cikin ruwan ɗumi har ƙirji, ruwa ya ɗauke nauyin ƙafa, taku ya ƙaru. Suka ɗaura wa wasu ɗan abu mai nauyi a ƙafa, taku ya ragu. Bayan shekara biyu ta riƙe 'yan wata bakwai a kan ƙaramin inji mai bel da ke gudana a ƙarƙashin ƙafa, sai ga su suna taku tsaf. Ashe takun yana nan, sharuɗɗansa ne ba su cika ba. Daga nan ra'in da ta shahara da shi ya fito, cewa motsin yaro ba shi da sarki ɗaya. Ƙwaƙwalwa na ciki, amma haka nauyin jiki, ƙarfin tsoka, ido, irin ƙasar da ake takawa, da abin da yaron ke son kaiwa gare shi. In ɗaya ya sauya, motsin duka na iya sauyawa. Tun a 1972 ma Philip Zelazo ya nuna cewa jariran da aka riƙa sa su takun nan na 'yan mintoci kullum ba su rasa shi da wuri ba, kuma sun riga sauran fara tafiya.

Nan ne abin ya zo kusa da gida. A 1976 Charles Super ya ba da rahoto kan al'ummar Kipsigis ta Kenya, inda iyaye mata ke tona ɗan rami a ƙasa ko su naɗe mayafi su kewaye jariri don ya koyi zama. 'Ya'yansu sun riga na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda, amma ba su riga su rarrafe ba, don shi ba a koya musu. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ya ga an girka jariri a kwali ko a baho, an cusa tsummoki ta ko'ina. Ya ga yayye mata suna riƙe hannun ƙani suna ja da baya suna masa tatata. Ya ga keken katako mai ƙafa uku da kafinta ke haɗawa yaro ya riƙa turawa a tsakar gida. Abin dariyar shi ne iyayenmu mata a baki suna tare da Gesell, don in yaro ya yi jinkiri cewa suke lokacinsa ne bai yi ba, amma a hannu aikin Thelen suke yi tun kafin a haife ta.

Ba wai Gesell ya faɗi ƙasa warwas ba ne. Babu horon da zai sa ɗan wata uku ya yi tafiya. Kuma a 1940 an ga cewa 'ya'yan ƙabilar Hopi ta Amurka da ake ɗaurewa a allon goyo sun fara tafiya lokaci ɗaya da waɗanda ba a ɗaure ba. Jerin ne kawai bai kai tsaurin da aka ɗauka ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, kan yara 816 daga Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro na iya zama da kansa tun kafin wata 4 ko sai bayan wata 9, yana iya tafiya daga wata 8 har kusan wata 18. Kimanin kashi 4 cikin ɗari kuwa ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. Yaron da ke jan gindi maimakon rarrafe bai yi wa kowa laifi ba.

Sai dai faɗin ƙofa ba ya nufin babu bango. “Lokacinsa ne bai yi ba” magana ce mai daɗi da ke kwantar da hankalin amarya mai ɗan fari, amma tana iya cinye watannin da suka fi amfani. Yaron da ya wuce wata tara bai zauna ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko wanda jikinsa ke sanƙarewa ƙafafu na sarƙewa in an ɗaga shi, ko wanda tun yana ƙarami hannu ɗaya kawai yake miƙawa ɗayan a dunƙule, musamman in bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko, wannan asibiti ake kai shi.

A can ne ake ganin bambancin ra'o'in biyu a aikace. Likitar gashin da ta sha daga Thelen ba ta tsayawa kan lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su kawai. Za ta tambayi uwa: Hajiya, a ina yake wuni? A baya, a gado, ko a ƙasa? Siminti ne ko katifa? Me yake so ya ɗauka? Sai ta sa wannan abin a kan benci daidai tsayin da zai tilasta masa miƙewa, ta rage taimakon hannunta kaɗan-kaɗan. A 2001 Dale Ulrich da abokan aikinsa sun nuna cewa jarirai masu larurar Down da iyayensu suka riƙa ɗora su kan ƙaramin injin tafiya minti 8 a rana, kwana biyar a mako, sun fara tafiya wajen wata uku kafin waɗanda ba a yi wa ba. Iyayen ne suka yi aikin, a gida. Dalili a fili yake. Karen Adolph ta Jami'ar New York ta ƙirga a 2012 cewa yaro mai koyon tafiya, in an sake shi yana wasa, yakan yi taku 2,368 ya faɗi sau 17 cikin awa ɗaya. Ziyarar asibiti sau ɗaya a mako ba ta iya samar da wannan adadi.

Shi ya sa masu wannan aiki ba sa murna da keken roba mai zagaye da ake zura yaro a ciki, irin wanda ake kai wa maijego a matsayin babbar kyauta. A cikinsa yaro na rataye ne a kujera yana tura ƙasa da kan yatsu, ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ɗaukar nauyin kansa, ba ya faɗuwa balle ya koyi tashi. Ba ya gaggauta tafiya, ga shi yana kai yaro bakin murhu ko matakala kafin uwa ta waiwayo. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.