WANNE ZAN SAYAR? DAREN DA NA ZAUNA TSAKANIN FENDER DA VOX

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. To ni dai na gwada, sai dai abin da na gano a ƙarshe ba shi na fita nema ba. Labari ne na amfilifaya biyu na jita, waɗanda suka shekara bakwai suna zaune kafaɗa da kafaɗa a ɗan ɗakina na ƙofar gida a Kaduna, har ranar da ta zama dole ɗaya ya fita. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa riƙe jita ba, domin a wajenmu in an ce kiɗan zamani fiyano ake nufi, wadda ta mamaye situdiyon waƙoƙin finafinai. Saboda haka a yi haƙuri da ni, zan riƙa bayani gwargwadon hali.

A ƙarshen shekarar 2023, wato shekarar da aka cire tallafin man fetur komai ya yi tashin gwauron zabo, 'yata ta fari ta samu gurbin karatun aikin jinya. Murna a gidan ba a magana. Da dare ya yi na ɗauko biro da takarda na yi lissafi, sai murnar ta koma ciki, domin albashin malamin sakandare ba zai ɗauki wannan kaya ba. Ba ni da fili, ba ni da mota. Abin da na mallaka mai daraja shi ne akwatunan nan biyu. Akwai wani matashi da ke kaɗa jita a Abuja wanda ya daɗe yana yi mini naci, sai na buga masa waya. Ya taya duka biyun. Kuɗin Fender zai ɗauki karatun shekara biyu, na Vox kuwa da ƙyar zai fitar da zango ɗaya. Ya ce, "Malam, ka yi shawara, ran Asabar ina shigowa."

Mai karatu zai ce ai lissafi ya riga ya yanke hukunci. Haka ne, amma Fender ɗin ba sayensa na yi ba. Na maigidana ne da ya koya mini kiɗa, wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya yi kiɗan hailayif a otal-otal na Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano a shekarun 1970. Wata uku kafin rasuwarsa a 2009 ya sa aka ɗora shi a kan kura aka kawo mini har gida. Bai ce mini komai ba illa, "Kada ka bar shi cikin raɓa."

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ake nufi da amfilifaya mai bawul. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, sai an jona ta da akwatin da zai ƙarfafa ɗan motsin tsirkiya ya tura shi ga sifika. Kafin zuwan taransista, da waɗansu 'yan kwalabe na gilashi ake wannan aiki, irin waɗanda ke cikin tsofaffin rediyon iyayenmu, masu yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi. Su ne bawul. Suna da nauyi, suna da tsada, suna mutuwa, amma har yau makaɗa ba su rabu da su ba, saboda in ka matsa masu fiye da ƙarfinsu ba sa tsagewa farat ɗaya, a hankali muryarsu ke dushewa, kamar ta mawaƙin da ya kwana yana waƙa.

Na Baba shi ne Deluxe Reverb, ƙirar Amurka. Kamfanin da Leo Fender ya kafa a Fullerton ta jihar Kalifoniya ya fara fitar da shi a 1963. Abin mamaki, shi Leo ɗin mai gyaran rediyo ne, bai iya kaɗa jita ba. Na Baba mai farar fuska ne, irin waɗanda aka fara yi daga 1968, bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965. Ƙarfinsa wat 22, da bawul biyu masu lamba 6V6, da sifika ɗaya mai inci 12. Da yake don wutar Amurka aka yi shi, sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ake kunna shi a nan.

Nawa kuwa shi ne Vox AC15, wanda asalinsa daga garin Dartford na Ingila ne, inda Dick Denney ya tsara shi wa kamfanin Tom Jennings a 1958. Ƙanensa mai ƙarfi, AC30, shi ne wanda su Beatles suka yi tashe da shi. Nawa ba tsohon ba ne, sabon zubi ne da aka fara fitarwa a 2010, mai wat 15 da bawul biyu masu lamba EL84. Na hannu na saye shi a 2016, da kuɗin adashin shekara guda.

Daren Juma'a, bayan yara sun kwanta, na ce yau zan yi masu adalci. Jita ɗaya, waya ɗaya, kujera ɗaya. Hunturu ne, iska na kaɗa labule. Na kunna su duka biyun na bar su suka yi ɗumi, ɗakin ya cika da wannan ƙamshin na ƙura a kan gilashi mai zafi, wanda duk mai irin akwatin nan ya sani.

Na fara da Fender, boliyum a kan 3. Na taɓa tsirkiya ɗaya. Kai jama'a! Sautin ya fito garau kamar ruwan randa da safe. Sama tana ƙyalli, ƙasa tana da kauri da zurfi, tsakiyar kuwa an ɗan rarake ta, domin haka aka tsara shi, shi ya sa sautin ke da fili kamar zauren da ba kowa. Da na ƙara masa amsa-amo, wato sautin da ake bi da shi ta cikin waɗansu dogayen sifirin da ke kwance a gindin akwatin, sai ka ce a bakin rijiya kake kiɗa, kowace tsirkiya tana tafiya tana dawowa.

To amma yadda yake a kunne daban, yadda yake a hannu daban, kuma wannan shi ne abin da mai sauraro ba ya sani. A hannu Fender ba shi da sassauci. Abin da ka ba shi, shi zai ba ka, ba ƙari ba ragi. Dalili kuwa akwai wata dabara a cikinsa: ana ɗebo kaɗan daga sautin da ke shirin fita a mayar da shi baya a kife, don ya riƙe na'urar kada ta yi rawar kai. Linzami ke nan. In yatsanka ya zame, duk wanda ke ɗakin zai ji. In ka danne tsirkiya da kasala, zai fallasa ka. Baba yakan ce, "Yaro, akwatin nan ba ya ƙarya, kuma ba ya rufa asiri." Na sha kuka a gabansa ina saurayi. Sai ka kai shi wajen 5 ko 6 sannan yake sakin jiki: muryar ta ɗan yi ƙaiƙayi, kuma in ka daki tsirkiya da ƙarfi sautin yakan ɗan durƙusa kafin ya miƙe, kamar mai ɗaukar buhu, saboda bawul ɗin da ke ciyar da sauran wuta yakan gaza kawo ta nan take. A nan daɗinsa yake. Sai dai a gidan haya, kafin ka kai can maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa.

Na zare waya na mayar kan Vox. Shi ko lambobi babu a jikin abubuwan murɗawarsa, da kunne ake auna shi. Taɓawar farko sai sautin ya yi tsalle ya tare ni. Ba fili irin na Fender, ba zurfin rijiya, ƙasansa ma bai kai ba, amsa-amonsa kuwa ko kusa. Amma abin da Fender ya rarake, a nan shi ne a gaba: tsakiya zuwa sama, wani irin amo kamar an ƙwanƙwasa kwanon tasa, mai ratsa tafi da ganga ya isa kunnen na bayan taro. Vox ba shi da wancan linzamin, kuma bawul ɗinsa da zafi suke aiki, shi ya sa suke saurin gajiya, sau biyu ina sauya su. Amma shi ya sa kuma yake da rai a ƙarƙashin yatsa. In ka lallaɓa, ya yi maka raɗa. In ka matsa, ya yi gurnani, ba tare da ka taɓa boliyum ba. Duk wanda ya taɓa kallon makaɗin kalangu yana matsa tsirkiya a hammata, kalangun yana canza murya, to ya san abin da nake nufi. Ga shi kuma yana da boliyum na biyu da ke rage ƙarar gaba ɗaya, ka samu dushewar murya ba ka tashi unguwa ba.

Haka na yi ta kai da komo, daga wannan zuwa wancan, har wajen ƙarfe biyu. Na kasa cewa ga wanda ya fi. In ana maganar kyawun sauti tsantsa, tsohuwar zuma ce, Fender ya yi gaba. In ana maganar wanda hannuna ke so, Vox ne. Gaba kura, baya sayaki.

Ashe uwargida ba ta yi barci ba. Sai ga ta da kofin shayi, ta jingina da ƙofa. Ita ba ta san bawul ba, ba ta san wat ba, asali ma haƙuri take yi da wannan sana'ar tawa ta dare. Na ce ta juya baya ta saurara ta gaya mini wanda ya fi daɗi. Na kaɗa a wannan, na kaɗa a wancan. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ni ban san wanda ya fi daɗi ba. Amma na farkon Baba ne ke kiɗa. Na biyun kai ne."

Na ce, "Kamar yaya? Ai hannu ɗaya ne."

Ta ce, "Shekara nawa ina jin ka daga madafa? In ka kunna farin nan, waƙoƙin Baba kake yi, kuma a tsorace kake yin su, kamar yana tsaye a kanka. In ka kunna ɗayan, wannan kiɗan na mutanen Agadas kake yi, har ƙafa kake bugawa." Ta ajiye shayin ta koma ciki.

Wallahi na daɗe a zaune ban motsa ba, domin gaskiya ta faɗa. Tun da na ji faifan Bombino mai suna Agadez, wanda ya fito a 2011, hannuna ya karkata can: babban yatsa yana riƙe da tsirkiya ɗaya tana gunji, sauran yatsu suna yawo a kai, irin kiɗan da ya fi kusa da gurmi da molon da na taso ina ji fiye da hailayif. Don wannan kiɗan na yi adashi na sayi Vox, ko da yake ban taɓa faɗa wa kaina haka ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ni kuwa na sake rawa tuntuni, amma ina jin kunyar Baba, shi ya sa duk mako nake kunna akwatinsa in biya masa karatu kamar almajiri.

Sai kuma na tuna wani abu. A shekarar da ƙaramin ɗansa zai rubuta jarrabawar gama sakandare, Baba ya sayar da jitarsa mafi kyau, ya koma aro. Na tambaye shi ko bai ji ciwo ba. Ya yi dariya ya ce, "Katako ne da waya. Kiɗan yana nan," ya ɗaga yatsunsa. Mutumin da ya yi haka ba zai so in riƙe akwatinsa in bar yarinya a gida ba. Amanar da ya ba ni ita ce kada in bar shi cikin raɓa, kuma akwatin da ake kunnawa don tsoro kawai, ai shi ma cikin wata irin raɓa yake.

Ran Asabar matashin ya zo. Na kunna masa, ya zauna ya taɓa, na ga fuskarsa ta canza. Yatsansa ya zame sau biyu, akwatin ya fallasa shi, ya dube ni yana murmushin kunya. Na ce, "Haka yake, ba ya rufa asiri." Na haɗa masa da taransifomar, na nuna masa bawul ɗin da ke ɗan yin ƙara in an girgiza, na ce ya jira ya huce kafin ya ɗaga shi. Da za su rufe bayan mota na ji bakina yana cewa, "Kada ka bar shi cikin raɓa." Na shige gida da sauri don kada yara su ga idona.

Yarinya ta tafi makaranta. Ranar da ta fara aiko hotonta cikin fararen kaya, na kai ɗakin ƙofar gida na daɗe ina kallo. Gurbin Fender yana nan a kan leda, murabba'i mai haske inda ƙura ba ta taɓa ba, ban sa komai a wurin ba.

Ba zan ce ban yi kewarsa ba. Vox abokin hira ne, yana amsa mini, yana ƙara mini gishiri, kuma wani lokaci yakan rufa mini asirin da bai kamata a rufa ba. Na lura hannuna ya fara kasala, ina wuce kurakuran da a da ba zan wuce ba. Saboda haka yanzu kullum bayan na dawo daga makaranta nakan ɗauki jitar ba tare da na jona ta da komai ba, in yi rabin awa ina bin darussan Baba a hankali, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, inda ba abin da zai ɓoye ni. Sannan in kunna Vox, in jira bawul su yi ja, in yi nawa.

Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Mu kuma ya ba mu ikon rabuwa da abin da muke so a lokacin da ya dace.